Dala 400 ke hannuna, wace ƙaramar bindiga zan saya don tsaron gida?

Baban Iman (Houston): Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a ba ni ita tsakani da Allah. Daren Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe uku, wasu suka ɓalle ƙofar maƙwabcinmu, gida biyu ne tsakaninmu. Maigidan yana wurin aiki, matarsa ce kaɗai da jariri. Allah Ya tsare ba su taɓa ta ba, talabijin da jakarta suka ɗauka, amma kafin 'yan sanda su iso tuni sun yi layar zana. Kun san tuƙin dare nake yi, in na fita bayan isha'i sai gari ya waye. Tun ranar Maman Iman ba ta runtsa ba sai na dawo. Yaranmu uku, babbar shekararta 11, autan 3. Na yanke shawarar ajiye bindigar hannu a gida. Abin da zan iya fitarwa dala 400 ne. Ban taɓa riƙe bindiga ba in ban da ta toka ta kakana da na taɓa ɗagawa ina yaro. Wacce zan saya?

Direban Tirela (Dallas): Wa alaikumus salam. Allah Ya kiyaye gaba. Glock 19, shi ke nan, an rufe magana. Harsashi 15 take ɗauka, ba ta cijewa, ita ce a ƙugun 'yan sanda da yawa a ƙasar nan. Ka ƙara ɗari da wani abu a kan kuɗinka ka huta.

Anti Lauya (Silver Spring): Ku dakata da sunayen bindigogi tukuna. Baban Iman, da wace takarda kake zaune? Ba sai ka faɗa a nan ba in ba ka so, amma wannan ce tambayar farko. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya saya. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga ko harsashi, sai in ya faɗa cikin wasu 'yan keɓance-keɓance, kamar mai lasin farauta. Wanda ba shi da takarda kuwa, ko taɓawa kada ya yi. Mai jiran hukuncin mafaka ya ga lauyansa kafin ya taka ƙofar shagon.

A shagon dila za a ba ka fom mai lamba 4473, a tura sunanka ga FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, su bincika. Fom ɗin yana tambayar ko kai ɗan wace ƙasa ne, da lambarka ta baƙo. Kada ka kuskura ka rubuta ɗan Amurka ne kai alhali ba haka ba, wannan ƙaryar kaɗai ta isa ta rushe maka zama gaba ɗaya. Kuma mai katin zama ya sani, in kotu ta kama shi da laifin da ya shafi bindiga, ana iya tasa ƙeyarsa gida ko da ya shekara ashirin a nan.

Baban Iman: Na gode Anti. Katin zama gare mu ni da ita, shekara shida ke nan. Ko tarar gudu ban taɓa samu ba.

Ɗan Maraɗi (Greensboro): To alhamdu lillahi. Ni dai Taurus G3C gare ni, ƙirar Burazil, ƙasa da dala 300 na saye ta. Harsashi 12. Shekara ukku ina zuwa filin harbi da ita, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Mutane na raina ta don arha, amma talaka mi zai yi? Sauran kuɗin ka sai harsashi.

Direban Tirela: Araha ba ta ado, ɗan uwa. Abin da za ka jingina ran iyalinka a kansa ba a neman na banza.

Ɗan Maraɗi: Ba ta banza ba ce, Yaya. Ka taɓa harba ta? In arha tsagwaronta ake so ai ga Hi-Point can wajen dala 200, mai nauyi kamar dutsen guga, harsashi 8. Ban ce ya sai wannan ba.

Tsohon Soja (Killeen): Ku duka biyun kuna da gaskiya a wani gefe, amma lissafin ne kuka fara daga wutsiya. Ƙanina, dala 400 ɗin nan ba kuɗin bindiga ba ne, kuɗin abubuwa huɗu ne: bindiga, akwatin ƙarfe mai kulle, koyo, da harsashi. In ka zuba duka a kan bindigar, ka shigo da haɗari gida ne kawai.

Ga yadda abin yake a kasuwa, kodayake farashi na hawa da sauka. Ƙaramin akwatin da ake buɗewa da lambobi cikin daƙiƙa biyu, mai ɗan kyau, zai ci maka kamar dala 100. Ajin masu fara koyo na rabin yini, da hayar bindiga da harsashi, kusan haka ga kowane mutum. Kwalin harsashin atisaye mai guda 50 bai cika wuce dala 15 ba, amma wanda ake ajiyewa don tsaro, mai rami a baki, guda 20 ko 25 kan kai dala 25 zuwa 30. Ga harajin saye na Houston, kashi 8.25 cikin ɗari. Ka ga ke nan ko Taurus ɗin ma kuɗinka ba su rufe ba.

Game da girman harsashi kada ka wahalar da kanka, 9mm za ka nema. Shi ne mafi arha a cikin masu ƙarfi, ko'ina akwai shi, kuma tokarinsa a hannu da sauƙi. FBI ma sun bar shi bayan musayar wutar Miami ta 1986, suka yi shekaru da manyan harsasai, daga baya suka dawo masa.

Kuskuren da na fi gani ga sababbi shi ne sayen 'yar mitsitsiya, wai don mace ta iya riƙewa. Akasin haka ne. Ƙaramar bindiga marar nauyi ta fi dukan tafin hannu, ta fi wuyar saiti. Tunda a gida za ta zauna, ba ɓoye ta za ka yi a aljihu ba, nemi matsakaiciya wadda hannu ke cika da ita. A sahun kuɗinka akwai Ruger Security-9 mai harsashi 15, akwai Smith & Wesson SD9 mai 16 amma tsohon samfurinta kunamarsa da tauri, akwai Canik ta Turkiyya in ka ɗan ƙara. Akwai kuma Glock na hannu waɗanda rundunonin 'yan sanda ke sayar wa diloli in sun canza sababbi. Jikinsu a goge yake saboda kube, amma cikinsu lafiya. Sai dai ka lura, da yawansu harsashin .40 suke ci, wanda ya fi tsada kuma ya fi tokari.

Maman Sadik (nas, Columbus): Ku yi haƙuri, maza, zan shigo. Tun ɗazu ana ta ƙirga harsasai, ba wanda ya tsaya a kan maganar da ta fi tsaya min a rai: yaro ɗan shekara 3 a gidan. Shekara tara ina aiki a sashen gaggawa. Ni ganau ce ba jiyau ba. Yaron da ya ciro bindiga daga ƙarƙashin matashin kai, na gan shi. Uwarsa ma na gan ta, kuma har gobe ina jin kukanta. Kada wani ya ce min ɗan shekara 3 ba zai iya jan kunama ba, da babban yatsa suke dannawa, bakin yana kallon fuskarsu.

Alƙaluman 2021 na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, 26,328 daga cikinsu su suka kashe kansu. Fiye da rabi ke nan. Kuma tun 2020 bindiga ta wuce haɗarin mota a jerin abin da ke kashe yara da matasa a ƙasar nan. Mu Hausawa ba ma son zancen ciwon damuwa, sai mu ce Musulmi ba ya haka. Amma 'yarka mai shekara 11, nan da shekara uku budurwa ce a makarantar Amurka, da duk abin da ke cikinta. Baƙin cikin dare ɗaya yana wucewa in ba makami kusa.

Ɓarawo wataƙila ya zo, wataƙila har abada bai zo ba. Yaran kuwa kullum suna nan.

Direban Tirela: Anti, da girmamawa, to matar can da aka shigar wa fa? Da sun nufe ta da wani abu, alƙaluman za ta nuna musu?

Maman Sadik: Ban ce tsoronsa ba gaskiya ba ne. Cewa nake a auna duka biyun a sikeli ɗaya. Kuma tambayata ga Baban Iman: wa zai riƙe bindigar? Kai ba ka gida da dare. Ashe ba kai kake saya wa ba, Maman Iman kake saya wa. Ka tambaye ta? Ta yarda za ta iya harbin mutum?

Baban Iman: Wallahi Anti kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Na gaya mata zan saya, ta ce to. Ban tambaye ta ko za ta iya ba.

Anti Lauya: To ga wani abu da ya danganci wannan. In ita za ta zama mai bindigar, ya fi tsafta ta je da kanta ta cike fom ɗin da sunanta. Kyauta ta gaskiya tsakanin miji da mata doka ba ta hana ba, amma karɓar kuɗin wani ka saya masa da sunanka babban laifi ne, kuma dokar 2022 ta kai hukuncinsa har shekara 15. Na faɗi wannan ne saboda halinmu na kara. Gobe wani ɗan gari zai ce maka, tunda takardunka sun cika, taimaka ka karɓo min. Ka ce a'a, ko ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Sannan Texas da kanta tana da doka a kan barin bindiga mai harsashi inda yaro ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Akwatin da Yaya Soja ya ambata ba ado ba ne.

Alhaji Bronx: Ni abin naku na Texas mamaki yake ba ni. Mu nan birnin New York ko a cikin ɗakinka za ka ajiye sai da lasin 'yan sanda. Kuɗin nema kaɗai dala 340 ne, ban da na dangwala yatsa, sannan ka yi watanni kana jira, kuma gidan harsashi ba ya wuce guda 10. Masu karatu daga wasu jihohi su kula, abin da aka halatta a Houston yana iya kai mutum kurkuku a nan. Kada direba ya ce zai shigo mana da ita a mota.

Amma ba wannan ya sa na yi magana ba. Shekarata 31 a garin nan. Ina nan a 1999 'yan sanda suka harbe Amadou Diallo, yaron Gini, a ƙofar gidansu, harbi 41, alhali walat ce a hannunsa. 'Ya'yana, fatarmu baƙa ce, harshenmu na baƙi ne. Ranar da kuka kira 'yan sanda cikin dare, wanda ya iso bai san waye maigida waye ɓarawo ba, wanda ya gani da ƙarfe a hannu shi zai fara kallo.

Tsohon Soja: Baba Alhaji ya faɗi gaskiya, kuma misalin yana nan kusa da mu. Oktoban 2019 a Fort Worth, Atatiana Jefferson tana cikin gida tana wasan bidiyo da ɗan 'yar uwarta. Maƙwabci ya ga ƙofa a buɗe ya kira a duba lafiya. Ta ji motsi a bayan gida ta ɗauko bindigarta, ɗan sanda ya harbe ta ta taga. An ɗaure shi daga baya, amma ita ta tafi. Shi ya sa a aji mai kyau ba harbi kaɗai ake koyarwa ba. Ana koya maka kada ka bi ɗaki-ɗaki kana farautar ɓarawo. A tattara yara a ɗaki ɗaya, a kulle, a kira lambar gaggawa 911, a bar wayar a buɗe, a gaya musu akwai makami a gidan da irin kayan da ke jikin mai shi. In sun iso a ajiye ta ƙasa, hannu a sama.

Wani abu kuma da namu ba sa tunawa: bangon nan ba irin na gida ba ne. Mu mun saba da bulo da jar ƙasa. Nan katako ne da wani allo mai kamar alli, harsashin 9mm yana ratsa bango biyu uku ya wuce. In ka kuskure, ɗakin yara ne a baya ko na maƙwabci. Dole tun da rana mutum ya san ta wace fuska ba zai taɓa harbi ba. A haɗa da tocila mai haske sosai, don ba a harbin abin da ba a gani ba. Sau nawa inuwar da ke motsi a falo ta zama yaro ne ya fito shan ruwa, ko maigida ne ya dawo da wuri?

Ɗan Autan Zaure (Austin): Amma ai na ji a Texas ko motarka mutum ya taɓa da dare kana da ikon harbinsa. Tun Satumban 2021 ma ba a buƙatar lasin ɗauka.

Anti Lauya: Maganar lasin haka take ga wanda ya kai 21 kuma doka ba ta hana shi ba. Ta motar kuwa, ƙanina, kada ka ɗauki doka a bakin 'yan hira. Akwai sashe a kan kare dukiya da dare, amma sharuɗɗa ne a kansa, kuma masu taya alƙali hukunci ne za su duba ko ka cika su, bayan an riga an sa maka ankwa. Kuɗin lauyan da zai tsaya maka ya ninka kuɗin motar.

Malam (Atlanta): Bismillah. Kare kai da iyali halal ne, babu saɓani. Hadisi ya inganta cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Amma malamai sun ce ana tunkuɗe mai ta'adi ne da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi. In tsawa ta isa ba a duka, in duka ya isa ba a kisa, in ya juya ya gudu ba a bin sa. Talabijin ba ta kai ran ɗan Adam ba ko da ɓarawo ne. Kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan uwansa da makami ko da wasa. Ina faɗin haka ne saboda matasan da nake gani suna ɗaukar hoto da bindiga.

Baban Iman, ka kuma dubi zuciyarka da ta iyalinka. Gidan da ake yawan faɗa, ko mai saurin fushi, bai dace da wannan ajiya ba. Kai ka san gidanka. Ku yi istihara ku biyu.

Kafinta (Houston): Ni ba ruwana da bindiga, ƙofa na sani. Yawancin gidajen haya a garin nan, ƙarfen da harshen kulle ke shiga an ɗaure shi da 'yan gajerun sukurori ne, ko inci ɗaya ba su kai ba. Shuri ɗaya katakon ke tsagewa. Cire su ka sa masu inci 3 da za su kama ginshiƙin ciki, haka ma a hinjin ƙofar. Ka ƙara sandar tokare ƙofa, da fitila mai kamawa in an gifta. Duka bai fi dala 60 ba. Yaya, unguwarmu ɗaya, in ka yarda gobe bayan la'asar zan zo da na'urata, ba ko sisi. Ka dai sanar da mai gidan.

Maman Sadik: Allah Ya yi maka albarka. Wannan ita ce shawarar da ba ta da gefen cuta.

Ɗan Maraɗi: Wani ya tambaye ni ta gefe ko ana iya sa bindiga cikin kaya a kai ƙasarmu, tunda can ma ɓarayin daji sun hana barci. Na ce a'a, amma Anti ki ƙara mashi.

Anti Lauya: A'a babba. Fitar da bindiga daga Amurka ba izini laifin tarayya ne. A Najeriya kuma dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar hannu cikin jerin haramtattu, shugaban ƙasa kaɗai ke ba da lasinta. Kurkuku biyu ke jiran mai wannan dabara. Matafiya ma su riƙa zazzage jaka kafin filin jirgi, harsashi ɗaya da aka manta a aljihu ya isa ya ɓata tafiya.

Baban Iman: Salam. Na dawo da bayani bayan kwana tara, don kuna da haƙƙin ji. Kafinta ya zo ya gyara ƙofa biyu, Allah Ya saka masa. Daren nan Maman Iman ta yi barci.

Na zaunar da ita na yi mata tambayar Anti nas. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce ba ta sani ba, amma tana so ta gwada kafin ta ce e ko a'a. Ranar Asabar muka bar yara wurin ƙanwarta muka je aji, mace ce ta koyar da mu. Kafin mu taɓa komai sai da ta sa muka haddace ƙa'idoji huɗu: kowace bindiga a ɗauka da harsashi a ciki, ba a nuna bakinta ga abin da ba a son hallakawa, yatsa ba ya hawa kunama sai an yi saiti, kuma a san abin da ake harbi da abin da ke bayansa. Mun yi hayar uku. Taurus ɗin ta yi mata tokari, ƙaramin yatsanta ba ya samun wuri sosai. Glock ta yi mata daidai wajen harbi amma jan murfin sama, wanda ake ja baya don harsashi ya hau, ya ba ta wuya. Ruger ɗin ce ta ja ba wahala, kuma da ita ta fi ni saiti.

Kuɗi dai sun tafi: ƙofa 55, aji da haya 190, akwati 110. Saura 45. Bindigar sai wata mai zuwa in na kwashi adashi, kuma da sunanta za a saya in har lokacin tana kan bakanta. Ta ce sai ta ƙara zuwa filin sau biyu.

Direban Tirela: Ma sha Allah. Har yanzu Glock nake so muku, akwai dabarar tura gindin gaba maimakon jan murfin, a nuna mata. Amma wadda hannunta ya karɓa ita ce tata.

Maman Sadik: Ni ra'ayina bai canza ba, da za ku tsaya a ƙofar da fitilar da na fi kowa murna. Tunda kun ɗauki hanya, abu uku nake roƙo. Lambar akwatin kada ta zama ranar haihuwar kowa a gidan, Iman za ta gane. A ɗaure shi da ƙusa a jikin wani abu, kada a ɗauke shi ɗungurungum. Kuma duk ranar da wani a gidan ya shiga ƙunci, babba ko yaro, a fitar da bindigar daga gidan tukuna, a kira 988, layin taimakon masu tunanin kashe kansu.

Baban Iman: In sha Allah, Anti. Kafinta ya ce zai dawo ranar Lahadi ya ɗaure shi a cikin kabad, ta sama inda autan ba ya kaiwa.